Gamba da kirikiri: aikin ciyawa daga dajin Kamuku zuwa filin ƙwallon lambu

Wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari a ƙarshen Oktoba, ya wuce Mando da Buruku da Udawa, ciyawa ce za ta fara cika masa ido kafin itatuwa. Gamba ta kai iya tsayinta, ta fid da kai, ta shanye mai babur har da hularsa. A wasu wuraren takan haura mita uku. Ruwa ya ɗauke ko yana shirin ɗaukewa, ƙasan ganyen ya fara ja, kuma duk manomin da ke cikin motar ya san nan da mako shida abin da yake gani kore zai zama makamashi.

A wannan safiyar, can baya cikin garin Kaduna, a filin ƙwallon lambu da aka kafa tun 1921, wani ma'aikaci na tura injin yanka a kan wata ciyawar da tsayinta bai kai gaɓar yatsa ba. Tsakaninsa da gambar nan tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai ce. Ruwan sama ɗaya suke sha, hunturu ɗaya ke busar da su, gara ɗaya ke cinsu. Ba a san Birnin Gwari da ƙwallon lambu ba, wasan da Turawa ke kira golf, kuma ba na jin mutanenta na kewarsa. Amma akwai ilmin da ma'aikacin filin nan ke riƙe da shi, wanda asalinsa na manomi da makiyayi ne, kuma wanda dajin Birnin Gwari ke matuƙar bukata a yau: sanin abin da za a yi wa ciyawa, da makon da za a yi shi.

Abin da ya raba ciyawa da bishiya

Bishiya daga sama take tsiro. Ka sare kan kaɗanya ƙarama, ka gama da ita ko ka naƙasa ta. Ita kuwa ciyawa idon tsironta na can ƙasa, dab da tushe, wani lokaci ma a cikin ƙasa. Shi ya sa saniya za ta cinye ganyenta, lauje ya yanke, wuta ta lashe, amma bayan kwana kaɗan ka ga toho. Duk sana'ar kula da filin wasa a kan wannan ɗabi'a aka gina ta, haka ma kiwo da ƙunar daji.

Ko shi wasan ƙwallon lambu a makiyaya aka haife shi. A gaɓar tekun Sikotilan, tumaki da zomaye ne suka riƙa gyara fili kafin wani Bature mai suna Edwin Budding ya ƙera injin yankan ciyawa a Ingila a 1830. Tom Morris, wanda ya karɓi aikin kula da filin St Andrews a shekarun 1860, ya yi suna ne da wani abu mai sauƙi ƙwarai: barbaɗa yashi a kan ciyawa akai-akai. Har yau ba a daina ba.

Turawan mulkin mallaka da na haƙar kuza ne suka kawo wasan Arewa. Filin Rayfield na Jos, wanda ake ƙirga shi daga 1913, shi ake ɗauka mafi daɗewa a ƙasar nan. Kano da Zariya da Kaduna kowanne ya sami nasa, daga baya Abuja ta sami filin IBB a farkon shekarun 1990. Cikakken fili ramuka 18 ne, kowane rami faɗin bakinsa milimita 108. Tsakanin inda ake buga ƙwallon farko da ramin akwai doguwar hanya mai gajeriyar ciyawa, a gefenta akwai duhuwar da aka bari da gangan, akwai kwaruruka cike da yashi, sannan ga dandalin da ke kewaye da ramin, wanda ma'aikata ke kira girin. Nan ne ake aske ciyawa zuwa milimita uku ko huɗu, wato kamar kaurin ƙwayar dawa.

Ciyawar da ke jure irin wannan askin a ƙasa mai zafi ba baƙuwa ba ce gare mu. Kirikiri ce, wadda ke rarrafe a bakin rafi da bayan gida, wadda manomi ke tsine wa idan ta shiga gonar albasa. Amurkawa na kiranta ciyawar Bamuda, alhali daga wannan ɓangaren duniya aka kai musu ita. A garin Tifton na jihar Jojiya, wani masani mai suna Glenn Burton ya aurar da ita da wata 'yar'uwarta ta Afirka ta Kudu, aka sami nau'in Tifway da aka fitar a 1960, wanda ya mamaye filayen wasa a ƙasashe masu zafi. Irin wannan ba ya yin ƙwaya mai tsirowa. Dashe ake yi da reshe, kamar yadda ake dasa dankali, kuma a nan Arewa lokacinsa Yuni zuwa Yuli, sa'ad da ƙasa ta ƙoshi.

Damina ba hutu ba ce

Mutum zai zaci ruwan sama sauƙi ne ga mai kula da fili. Daga Mayu zuwa Oktoba yankin Kaduna na samun ruwa sama da milimita dubu, kuma a watannin nan ne aiki ke hawa kan aiki. Ƙa'idar da kowane ma'aikaci ya sani ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ganye a yanka guda. Idan aka zarce, saiwa ce ke biya. To a watan Agusta kirikiri ba ta jiran kowa. Inji ya lalace kwana biyar, ko mai ya yanke, sai ka tarar fili ya kufce, kuma ba dama ka dawo da shi a rana ɗaya, sai a hankali, mataki-mataki. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, kowane zagayen inji ya zama lissafi. Inda inji bai kai ba, langalanga ce da ƙugun ɗan Adam.

Ga kuma marka. Ƙasa ta jiƙe, a hau ta da tarakta, sai ta danne ta yi tauri kamar daɓe, iska ta kasa shiga, saiwa ta shaƙe. Ga aya-aya da ke fitowa daga ƙwayarta ta ƙarƙashin ƙasa ko sau nawa aka cire. Ga tofa. Ga tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016, wadda manoman Birnin Gwari suka sha fama da ita, ita ma tana son kirikiri, kuma tana iya mai da kore ruwan ƙasa a 'yan kwanaki. Gara kuwa kowane lokaci nata ne: da damina ta yi gini, da rani ta ci busasshen ganye.

Akwai aiki biyu da ɗan kallo ke ɗauka ɓarna ce. Na farko huda ƙasa. Ana bin dandalin da ƙarfe mai rami a ciki, a ciro ƙasa guntu-guntu kamar kashin awaki, a bar dubban ƙananan ramuka, sannan a cika su da yashin da aka tankaɗe a share. Na biyu kwashe matacciyar ciyawar da ke taruwa tsakanin ganye da ƙasa har ta zama katifa mai hana ruwa shiga, mai ɓoye ƙwari da cuta. 'Yan wasa ba sa son makon da aka yi waɗannan, domin ƙwallo ba ya tafiya daidai. Amma dole a yi su lokacin da ciyawa ke da ƙarfin warkewa, wato tana cikin girma. Wanda ya jinkirta har hunturu ya shigo, raunin zai zauna har wata damina.

Lissafin ruwa

Da rani ne ake gane mai kula da fili na gaske. Sanyin dare na Disamba da Janairu yana rage wa kirikiri hanzari, ƙura ta rufe ta, sai ta yi fari-fari kamar ta mutu. Barci take. Haɗarin yana bazara, Maris da Afrilu, lokacin da rana da iska ke zuƙe damshi. A ɗauka ana bukatar milimita biyar na ruwa a rana. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. Dandalin ramuka 18 idan aka haɗa su sukan kai wajen hekta guda. Ke nan lita 50,000 kullum, jarka 2,000 ta 'yan garuwa, kuma wannan dandalin kaɗai ne, ba a taɓa doguwar hanya ba.

Saboda wannan lissafin ne filaye da yawa a Arewa suka daɗe ba su da ciyawa a bakin rami. Abin da suke da shi ana kiransa burawun. Yashi ne mai laushi da aka tankaɗe, aka cuɗa da baƙin mai don kada iska ta kwashe shi, aka shimfiɗa a kan daɓaɓɓiyar ƙasa. Kafin ɗan wasa ya gangara ƙwallo, sai yaro ya ja buhu ko ƙarfe ya share masa hanya ta yi sumul. Wasu na ganin wannan alamar talauci ce, suna ɗokin ranar da za a mai da kowane burawun ya zama girin. Ni dai a ganina akwai hankali a ciki. Garin da mata ke layi a bakin rijiyar burtsatse tun asuba bai kamata ya zuba jarka dubu biyu kullum a ƙasa don ƙwallo ya gangara da kyau ba, sai fa idan ruwan da aka riga aka yi amfani da shi ne aka tace, ko wanda aka tare a tafki da damina. Aibin burawun ɗaya ne, kuma babba ne: baƙin man inji guba ne ga ƙasa da ruwan da ke ƙarƙashinta. A karkarar Ostireliya, inda har yanzu ake wasa a kan yashi, da yawa sun koma man da ake samu daga tsirrai. Mu da muke da gyaɗa da auduga da waken soya ba mu da hujjar tsayawa kan baƙin mai.

Inda ake ban ruwa kuwa, dabarar ita ce a shayar sosai amma jefi-jefi, da asuba, domin saiwa ta bi damshi zuwa ƙasa. Yayyafi kullum yana sangarta ciyawa, saiwarta ta tsaya a sama, ranar da famfo ya tsaya ta ƙone. Mai lambun fadama ya san wannan tun yana yaro.

Kuma yawancin masu wannan aikin 'ya'yan manoma ne. Suna gane ƙishin ciyawa daga launinta da yadda sawun ƙafa ke zama a kanta. Ranar gasa sunan mai kofi ake kira, su kuwa sun tashi aiki tun kafin baƙi su iso.

Dajin da kalandarsa ta tsaya

Kamuku ya fara ne a matsayin gandun daji na En'e ta Birnin Gwari a 1936. A 1999 gwamnatin tarayya ta ɗaga shi zuwa gandun ƙasa, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,120, yana maƙwabtaka da dajin Kuyambana na Zamfara. Dajin doka ne da baushe da taura da maje da ɗorawa da ƙirya, ga duwatsu irin Goron Dutse, ga ruwan da ke zubowa a Dogon Ruwa. An rubuta giwaye da gwanki da kanki da gwaggon biri a cikin dabbobinsa, da tsuntsaye sama da nau'i 170. Amma abin da ke riƙe da wannan duka shi ne abin da ke ƙarƙashin itatuwan, wato gamba da kyasuwa da 'yan'uwansu.

Irin wannan daji ba ya rabuwa da wuta. Tambayar kullum ita ce wane wata za ta ci. Idan aka sa ta da wuri, a Nuwamba ko farkon Disamba, ciyawa na da sauran damshi, raɓa na sauka da dare. Wutar takan yi rarrafe, ta ci nan ta bar can, ta mutu da kanta kafin gari ya waye. Ƙananan itatuwa su tsira, dabbobi su sami mafaka a inda ba ta ci ba, bayan mako biyu toho ya fito shanu su samu. Idan kuwa aka bar gamba ta bushe ƙayau har Fabrairu ko Maris, sannan wani mafarauci ya cinna don ya kori gafiya, ko mai cire zuma ya yar da bakin wuta, to harshenta sai ya kai kan bishiya. Ta kashe 'ya'yan itatuwa, ta ƙone furen kaɗanya, ta bar ƙasa tsirara, ruwan farko ya zo ya kwashe ta zuwa kogin Mariga.

Wannan ba zato ba ne. A Olokemeji, cikin ƙasar Yarabawa, ma'aikatan gandun daji sun keɓe filayen gwaji tun 1929. Wani ana ƙona shi da wuri, wani a makare, wani ba a ƙonawa sam. Bayan shekaru gommai, wanda ake ƙonawa a makare ya rasa yawancin itatuwansa, wanda ake ƙonawa da wuri ya riƙe su. Shi ya sa aikin ma'aikacin gandu a ƙarshen damina ya zama share layin da wuta ba za ta tsallaka ba, da sa wutar farko da gangan.

Ƙarfin gamba ma duniya ta shaida. An kai ta Arewacin Ostireliya a shekarun 1930 don kiwo. Can ba ta tarar da masu yanka ta ba, ta bazu, gobararta ta riƙa cinye dazuzzukansu, har a 2012 suka sa ta cikin jerin ciyayi mafi haɗari a ƙasar. A Kudancin Amurka kuwa alheri ta zama: irin da aka ɗauka daga tashar bincike ta Shika, kusa da Zariya, aka raba wa makiyayan Kolombiya da Barazil a 1980. Ciyawa ɗaya ce. Bambancin yana ga ko akwai mai kula da ita.

A Birnin Gwari masu kula da ita su ne mutanen ƙauyuka. Da kaka a yanki gamba a saƙa zana, a yi shuci a rufa jinka da rumbu, a tara ingirici don dawaki da tumakin layya. Shanu su ci wani kaso. Mai gona ya share kewayen damman dawarsa kafin wuta ta zo. Sarkin daji da mai unguwa su san wanda ya sa wuta da ranar da ya sa. Babu wanda ya rubuta wannan a takarda, amma tsari ne, kuma ya rage wa daji makamashi shekara da shekaru.

Shekarun ta'addancin 'yan bindiga sun karya shi. Ƙauyuka sun tashi, gonaki sun koma daji, ma'aikatan gandu ba su iya shiga inda suka saba. Hatta Kwalejin Gandun Daji ta Afaka, wadda ke kan hanyar Birnin Gwari a bakin Kaduna, inda ake horar da masu irin wannan aiki, an kai mata hari a Maris 2021 aka kwashe ɗalibai. Ciyawar bakin hanya ma ta zama maganar rai da mutuwa, domin direba ba ya ganin abin da ke cikinta sai ya fito. A gefe guda masu gawayi da masu katako da masu haƙar zinariya ba su tsaya ba.

A ƙarshen Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka sake buɗe kasuwar kara bayan sulhun da aka ƙulla da 'yan bindiga, motoci suka ƙaru a hanya, manoma suka fara komawa gonakin da suka bari shekaru. Kowa na addu'ar abin ya ɗore. Sai dai mai komawa tsohuwar gona tofa da gamba zai tarar sun kai shekara biyar ko fiye suna kafa saiwa, kuma hanya mafi arha a hannunsa ita ce ashana. Idan dubban mutane suka kyasta a Maris, kowa don kansa, asarar za ta kai ta sara da gatari.

Abin da za a ara daga filin wasa

Ba ina cewa a mai da daji lambu ba. Abin da ya burge ni a filin ƙwallon lambu shi ne akwai mutum ɗaya da aikinsa ke nan, yana da littafi, ya san ranar huda ƙasa da ranar taki da ranar wasa wuƙar inji, kuma idan ya makara za a tambaye shi. Fili mai 'yan hekta gommai ya sami wannan gata saboda masu wasa a kansa manya ne. Gandun da ya fi murabba'in kilomita dubu, da makiyayan da ke kewaye da shi, sun fi cancanta. Masarautar Birnin Gwari, ƙarƙashin Mai Martaba Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni, kuma Fulani suna da arɗo-arɗonsu. Su ne za su iya tsai da mako a kowace gunduma, tare da ma'aikatan gandu: ga ranar gama yankan zana, ga ranar share layi, ga ranar wutar farko, bayan nan kuma wanda ya cinna ya amsa.

Akwai kuma aikin da kirikiri kanta za ta yi. Ramukan da masu haƙar zinariya suka bari, bakin kwalbati da ruwa ke ci, gaɓar tafkin da shanu suka tattake, filin ƙwallon ƙafa na makarantar firamare da ke zama ƙura da rani taɓo da damina, duk wuraren da ake bukatar ciyawa mai riƙe ƙasa ne. Jema, wadda mata ke saƙa faifai da ita, saiwarta na nutsawa ƙasa sosai, idan aka dasa ta a jere tana tare zaizaya. Ba a bukatar sayo iri daga ko'ina. Reshen kirikiri ake tsinka a bakin rafi, a binne shi a jiƙaƙƙiyar ƙasa a watan Yuli, a hana dabbobi taka wurin mako shida. Duk wanda ya yi shekara biyu yana aiki a filin Kaduna ko Zariya zai iya koya wa ƙauye guda wannan a yini ɗaya.

A ƙarshen Oktoba lokacin dashen ya wuce. Wanda ke gabanmu shi ne na wuta, kuma gajere ne. Da safe a murza ganyen gamba a tafin hannu: idan ya lanƙwashe bai karye ba, kuma raɓa ta jiƙa ƙafar wando, akwai sauran dama. Ranar da ya fara karyewa yana ƙara, a yankin Kamuku yawanci kafin tsakiyar Disamba, an makara, sai dai a faɗaɗa layin da aka share a kewayen rumbuna.